Na raka ɗan yayata yankar fom ɗin JAMB

Ran Asabar na raka ɗan yayata cibiyar CBT, inda ake jarabawa a kwamfuta, zai yi rejistar JAMB ta neman shiga jami'a, ni na biya kuɗin ma don haka ina da bakin magana. Muna cikin layi rana na dukanmu na ce masa to wace jami'a za ka sa a zaɓin farko, sai kawai ya miƙo min waya. Bidiyo ne na TikTok, wasu yara da rigar matirik suna tiƙar rawa a gaban wani gini mai gilasai, wai "Kawu ka ga yadda makarantar ta haɗu, akwai rayuwa wallahi". Na ce wane kos? Ya ce ko wanne suka ba ni. Sai da gabana ya faɗi, domin kusan abin da na faɗa wa kaina kenan a 2010.

Mu lokacinmu kati ake saya a kankare a je kafe a cike, jarabawar kuma da fensir ake yi a takarda. Ni TikTok ɗina wani yayan abokinmu ne da yake dawowa hutu da wandon jins da turanci a baki, ya zauna a dakalin ƙofar gidansu yana ba mu labarin fati da 'yan mata da zaɓen ɗalibai, mu kuma baki buɗe kamar masu jin tatsuniya. Baba Allah ya jiƙansa BUK, Jami'ar Bayero ta nan Kano, yake so in sa, ya ce ga makaranta a garinku ka hau mota ka je ka dawo ka ci tuwon gidanku. Na ce masa ai kos ɗin da nake so ya fi ƙarfi a waccan jami'ar, ƙarya nake yi, ban san komai a kan kos ɗin ba, abin da nake nema shi ne inda babu mai buga min ƙofa da asuba kuma babu mai tambayata daga ina bayan isha'i. Tafiyar awa bakwai ce daga Kano, shi ne ma abin da ya fi burge ni da ita.

Akawunta na nema, aka ba ni wani kos da sai ranar na fara jin sunansa, na karɓa da murnata wai zan canja a shekara ta biyu. Babu wanda ya gaya min canjin sai da maki mai kyau, ko kuma an gaya min ban saurara ba, ban tuna ba gaskiya. Rayuwar da aka yi min talla kuwa na same ta, har da gyara. Sati uku da zuwa na shiga tawagar kamfen ɗin wani mai neman shugabancin ƙungiyar ɗalibai, mu ne manna fosta da daddare mu ne ihu a hostal, mu kwanta ƙarfe uku alhali lakca ƙarfe bakwai ce a ɗakin da in ba ka yi sammako ba ta taga za ka ji malami. Ɗakin mutum huɗu mu tara ne a ciki, to ko ka so karatu a ina za ka yi, amma dai a ɗakin nan namu akwai waɗanda suke tashi su tafi aji su kwana karatu, don haka wannan ma ba hujja ba ce.

Kuma fa kar a ɗora min duka. Shekarata 17, gidanmu ba wanda ya taɓa zuwa jami'a, a sakandare babu malamin da ya taɓa zaunar da mu ya ce ga yadda GP, wato matsakaicin makin jami'a, take aiki, cewa abin da ka samu a shekarar farko da shi za ka yi ta jan ƙafa har ka fita. Sannan ba zan ce ban ƙaru ba, a can na fara zama da Tibi da Igala da Yarbawa, a can na daina jin tsoron yin turanci a gaban mutane, aikin da nake ci da shi yau ma ɗaya daga abokan kamfen ɗin nan ne ya yi min hanya. Wani lokacin har ina cewa ai da na zauna a gida da ban waye ba. Sai kuma in tuna ranar da aka kafe sakamakon farko, GP 1.7 da kari oba biyu, wato darussa biyu da na faɗi sai na maimaita, na tsaya gaban allo ina bin layi da yatsa ko lambar wani na duba.

Da ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, ta tafi yajin aiki a 2013 daga Yuli har Disamba ina gida, kullum Baba sai ya ce ina sakamako, in ce yajin aiki ne ya riƙe. Ya yarda, shi ne abin da har yau yake cina, mutumin da yake ƙirga ribar atamfa a Kwari yana turo min kuɗin handawut ɗin da ban saya ba. Abokan karatuna suka tafi bautar ƙasa ni ina nan na ƙara shekara, na fita da digiri mai daraja ta uku, duk tallar aikin da na gani kuwa daga ta biyu suke farawa.

Na zauna zan rubuta muku shawara goma, da na duba sai na ga yawancinsu cika baki ne. Kos za ka fara zaɓa kafin makaranta, ka buɗe littafin JAMB ka ga darussan da ake haɗawa, kar ka ci 250 a jarabawar da ba ta dace da abin da ka nema ba. Ka kuma sani a jami'o'in tarayya kashi 45 cikin ɗari ne ake ɗauka da cancanta, 35 na jihohin da ke kewayen makarantar ne, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko, to kai da ka tsallake yankinku saboda rawa ka rage wa kanka ƙofa da hannunka. In kana son sanin rayuwar makaranta ka nemi ɗan aji uku ka tambaye shi ruwa, wuta, kuɗin ɗaki a waje, sau nawa ya kwana da garin kwaki, ranar matirik kowa ɗan gayu ne. Amma ku ina, tambayar mutum ido da ido ma ta gagare ku, komai sai a waya, bidiyon da ya wuce minti ɗaya kun gaji.

Ku zauna kusa da gida, iyakar maganar kenan. Ko da yake na san waɗanda suka yi BUK daga ɗakin uwarsu kuma aka kore su, rabin ranarsu ta ƙare a hanyar Gwarzo ta zuwa makarantar sauran rabin a majalisa, na kuma san wata ƙanwar abokina da ta tafi har Sakkwato ta dawo likita. To ku tafi nesan in kun ga dama, amma wanda har yau sai an yayyafa masa ruwa yake tashi sallar asuba kar ya soma.

Duk wannan na zazzage wa yaron a layi, yana ta "to Kawu, to Kawu" idonsa na kan waya. Da aka zo kansa makarantar gilasan ya sa. Na ce ai akwai damar canja makaranta daga baya in ya yi hankali, ni zan biya. Muna fitowa ya ce wai Kawu kai da wane kilas ka gama ne, Umma ta ce kai ne mai ƙoƙarin gidan. Na ce ya yi sauri ya tare mana adaidaita sahu kafin la'asar ta wuce.