Yadda Na Nazarci Dajin Bakin Tekun Neja Delta Daga Sakkwato

A fadamun Gulbin Rima na koyi aiki da hotunan tauraron ɗan'adam, inda sama kan kasance tas kusan duk rani in ban da ƙurar hunturu. Shi ya sa da na zaɓi dajin mangurof na Neja Delta don binciken digirina na biyu, wato itatuwan nan masu tsirowa cikin laka da ruwan gishiri, na ɗauka abin da na saba yi zan maimaita. Hotunan tauraron Landsat, waɗanda Amurka ke tarawa tun 1972 kuma ta sake su kyauta a 2008, ina zaune a Sakkwato na sauke su.

Gajimare ne ya fara tare ni. Tauraron yana dawowa wuri bayan kwana 16, amma yawancin hotunan damina farare ne fat, sai na dogara ga na Disamba da Janairu, na haɗa da radar Sentinel-1 wadda gajimare ba ya hana ta gani. Daga baya na kwatanta hotuna biyu na rubuta cewa teku ya cinye gaɓa. Malamina ya duba ya ce, "Ka tabbata ba lokacin cikar teku aka ɗauki na biyun ba?" Mutumin da ya tashi a bakin Rima bai san ruwan da ke hawa ya sauka sau biyu a rana ba.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na kore. Ma'aunin da nake amfani da shi yana nuna yawan ɗanyen ganye ne kawai, ni kuwa duk inda ya yi sama sai in rubuta cewa daji yana lafiya. Sai da na shiga kwalekwale a wasu rafuka kusa da Fatakwal masunta suka nuna mini cewa wurare da dama nifa ce ta mamaye su, wani tsiro mai kama da kaba da aka kawo Kalaba daga Asiya a 1906. Tana kama wurin da aka sare mangurof ko ɗanyen mai ya kashe shi, kuma sun ce ba ta tara musu kifi da kawa kamar saiwoyin mangurof. A hoto kuwa dukansu kore ne.

Na dawo Sakkwato da wuraren da na yi wa alama da GPS, na sake rarraba taswirar da hotunan tauraron Sentinel-2, waɗanda kowane ɗigo a cikinsu mita 10 ne a ƙasa maimakon 30 na Landsat. Dajin da na ce yana lafiya ya ragu ƙwarai, kuma babi guda na sake rubutawa tun daga farko.