Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Takalmin Kawu a Dutsen Tula

A makon jiya na tsaya a inda aka ƙirƙiro Jihar Gombe daga Bauchi ranar 1 ga Oktoba, 1996, aka raba ma'aikata kowa ya koma jiharsa. Ni aka turo ni Kaltungo aikin allurar rigakafi, kuma da damina ta kankama aka ce ƙauyukan Tula ne rabona.

Da Kawu ya ji, sai ya ce in zo rumfarsa a tsohuwar kasuwar Gombe. Baduku ne tun tasowarsa. Ya sa na taka kwali ya zana ƙafata, ya ɗinka mini takalmi mai rufe idon sawu da fatar saniya wadda aka jeme da bagaruwa, ya yanko tayar mota ya yi masa tafi. Ya shafe shi da man kaɗe har cikin ɗinki.

"Ɗana, ka riƙa yawo da shi a gari tukuna," in ji shi. "Sabuwar fata sai ta san ƙafar mai ita."

Haka na yi, har masallaci da kasuwa, ga safa mai kauri.

Ranar da muka nufi wani ƙauye a ƙasan Tula Wange, an kwana ana ruwa. Mota ta ajiye mu a sama, sauran tafiyar gangara ce tsakanin gonakin da mutanen Tula suke tarewa da jerin duwatsu hawa-hawa don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Akwatin ƙanƙara yana rataye a kafaɗata, maganin yaran ƙauye guda a ciki, don haka faɗuwa ba tawa ba ce ni kaɗai.

A kan dutse mai kaushi, ko da jiƙe yake, tayar nan tana kamawa tamau. Inda gansakuka ta yi kore kuwa babu abin da ke riƙe mutum. Ɗan rakiyarmu, wani dattijo da silifas ɗin roba, ya ce, "Malam, kada ka taka koren. Nemi inda tsakuwa take, ka sa ƙafa a karkace." Na bi sawunsa taki-taki. A gangara yatsuna suka fara dukan bakin takalmin, sai na zauna na ƙara ɗaure igiyar a idon sawu, ƙafar ta daina zamewa gaba. Da muka tsallaka rafi ruwa bai ratsa fatar ba, ta wajen harshen takalmin ya ɗan shiga. Diddigen hagu ya yi bororo ƙarami, na dama lafiya lau.

Har yau ina ganin aikin Kawu ya fi na kanti da abokan aikina suka saya da tsada, domin na ɗayansu a hanyar nan tafinsa ya ɓamɓare, gam ne kawai ya riƙe shi, babu ɗinki.

Da dare matar mai unguwa ta ɗauki takalmin za ta kai bakin murhu. Na ce, "Inna, a bar shi a inuwa, wuta tana busar da fata ta tsage." Na cusa masa tsumma, na jingine shi a zaure.

Da asuba aka buga ƙofa, wai wata mai naƙuda tana can ƙauyen da ke ƙetaren rafi, kuma rafin ya cika. Daga nan za mu tashi mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.