Kamfanin da ke sayen taurari: abin da na kwaso daga can

Na ajiye aikin bayan babbar sallah, kuma har yau ina bin wurin albashin da na cire rai da shi. Abokan harkar manhaja a Bauchi sun san benen, sun san mai shi, ba sai na kama suna ba. Wanda bai sani ba ma sunan ba zai ƙara masa komai ba, domin irin wannan ogan ba shi kaɗai ba ne tsakanin Wunti da Yelwa.

A takarda, kamfanin ƙera wasannin waya ne. A zahiri wasa ɗaya tal muke da shi, wanda Oga ya saya gamamme a intanet da 'yan daloli, mu kuma aikinmu sauya masa riga. Wannan watan ƙosai ake dannawa kuɗi su taru, wata mai zuwa saniya, bayan nan Keke Napep. Lissafin ciki ɗaya, talla ɗaya, har matsalar da ke sa wasan ya ƙame a ƙananan wayoyin itel ɗaya ce a dukansu, don ba a taɓa ba mu lokacin gyara ta ba.

Masu cewa wasan dannawa shirme ne tun asali, ban yarda da su ba. Gaskiya ne Cow Clicker, wanda wani malamin jami'a a Amurka, Ian Bogost, ya yi a 2010, ba'a yake wa wasannin Facebook irin su FarmVille: ka danna saniya, ka jira awa shida, ka sake dannawa. Amma Cookie Clicker da wani Bafaranshe ya fitar a 2013 har gobe ana buga shi, aka kai shi Steam, kasuwar sayar da wasannin kwamfuta a intanet, a 2021 mutane suka sa kuɗi suka saya. Sirrinsa lissafi ne. Duk abin da ka saya a ciki, farashin na gaba yana ƙaruwa da kashi 15 cikin 100, an auna shi ta yadda daidai lokacin da ka fara gajiya sai wata sabuwar ƙofa ta buɗe. Wannan aunawar ita ce sana'ar, kuma ita na so in koya. Duk sanda na ɗauko maganar sai Oga ya ce, "Injiniya, bar wannan, taurari ake kallo," wato makin tauraro ɗaya zuwa biyar da masu sauke wasa ke bayarwa a Play Store.

Wayoyin da ke jere a kan teburin ɗakin baya da farko suna da dalili mai kyau. Daga Nuwamban 2023 Google ya sa doka cewa duk sabon asusun mutum ɗaya na ɗora manhaja a Play Store sai ya samu masu gwaji 20 sun riƙe manhajarsa kwana 14 kafin a bar shi ya fitar da ita kasuwa (daga baya aka rage zuwa 12). Oga ya sayo tsofaffin wayoyi, muka cika sharaɗi. Da aka gama, wayoyin ba su koma ko'ina ba. Aka buɗe wa kowace Gmail da sunan Bature, aka sa musu VPN mai ɓoye ƙasar da waya take, aka ce kowa a ofis ya riƙa rubuta sharhi yana ba da tauraro biyar. Da wayoyin suka yi kaɗan sai aka buɗe guruf a WhatsApp, akasari ɗaliban da ke zaune Gwallameji: ka sauke wasan, ka liƙa sharhin da aka turo maka, ka turo hoton shaida, a tura maka katin waya na ɗari biyu. Wani lokaci jimla ɗaya, da kuskuren rubutunta, za ka gan ta ƙarƙashin sunaye goma.

Sharhin gaskiya kuwa yana zuwa, da Hausa, wani da Turancin da ya sha wuya. Wani ya ce talla ta cinye masa data. Wani ya ce wasan na kashe masa caji, ga shi unguwarsu sun kwana biyu ba wuta. Wata ta rubuta cewa ɗanta ya danna tallar caca bisa kuskure. Waɗannan mutanen, ba a biya su ko sisi ba, sun faɗa mana ainihin abin da ya kamata mu gyara. Umarnin Oga shi ne duk tauraro ɗaya da ya shigo a binne shi da biyar-biyar guda goma kafin magariba. Na taɓa kai masa alƙaluman da ke nuna yawancin waɗanda suka sauke wasan ba sa sake buɗe shi washegari. Ya dube ni ya ce, "To ai sun sauke."

Na daɗe ban gane lissafin ba. Kuɗin talla da ake samu daga mai wasa a Najeriya ɗan mitsitsi ne idan aka kwatanta da na Amurka, kuma AdMob, tsarin tallan Google a cikin manhajoji, ba ya biya sai abin da ka tara ya kai dala 100. Idan ka haɗa katin da ake rabawa, da data, da man janareto bayan cire tallafi a Mayun 2023, abin da ke fita ya ninka abin da ke shiga. Ashe ba don masu wasa ake sayen taurarin ba. Akwai wani Alhaji, ɗan kasuwar hatsi, mutumin kirki wanda bai san kan waya ba bayan kira da WhatsApp, shi ke zuba jari. Duk ƙarshen wata Oga zai je gidansa ya buɗe masa Play Store, ya nuna masa 4.8 da ɗaruruwan Turawa suna yabo, ya ce, "Ranka ya daɗe, kasuwar waje ta karɓe mu, saura kaɗan dala ta fara shigowa." Alhaji ya ƙaro kuɗi. Duk wanda ya taɓa zuwa kara ya san mutumin da ake ajiyewa gefe yana taya sa da tsada ba don zai saya ba, don dai mai saye na gaskiya ya ruɗu. A makarantar Islamiyya mun karanta haramcin wannan ciniki tun muna yara. Mu ne masu tayawar, a kan kujerun roba, da fanka a kanmu.

Shekarar 2024 ta ƙara wa abin wuta. Notcoin, wasan dannawa na Telegram mai raba kuɗin kirifto, ta fashe a watan Mayu, wasu samari suka ga kuɗi da idonsu, sai garin ya rikice da mainin. A majalisa, a cikin Keke, a harabar masallaci bayan sallama, kowa na dukan fuskar waya: Hamster Kombat, TapSwap da sauransu. Oga ya kira ni ya ce mu sa wa wasan saniya maɓallin cire kuɗi. Tsarin da yake so na san shi daga irin waɗannan wasanni na waje: a nuna wa mutum zai iya cirewa idan ya tara dubu goma, da farko kuɗin na hawa da sauri, yana kusantowa sai abin da ake ba shi ya riƙa raguwa har ya zama kwabo-kwabo, ya yi ta kallon talla ba zai taɓa isa ba. Na ce, "Oga, wannan kam ba zan rubuta ba." Ya yi dariya, ya ce na cika ustazanci, ya ba wani yaro ɗan IT aikin. Daga ranar na daina zama Injiniya, na koma "wancan". Ko Hamster ɗin, da masu shi suka yi iƙirarin mutum miliyan 300 ke bugawa, da aka raba kuɗin a ƙarshen Satumban 2024 kowa ya ji kukan da aka yi a kan abin da ya samu bayan watanni yana dannawa. To su sun ba da wani abu. Namu an gina shi ne don kada ya ba da komai.

A tsakanin nan ma ya so mu shiga Steam, saboda ya ji labarin Banana, wasan da ba komai cikinsa sai hoton ayaba da ake dannawa, wanda a watan Yunin 2024 aka ga sama da 800,000 na buga shi lokaci guda, kaso mai yawa kuma na'urori ne masu farautar kayan da ake sayarwa a kasuwar Steam. Na yi masa bayani cewa can ba nan ba ne. Kowane wasa sai ka biya dala 100 kafin ka ɗora. Kowane sharhi yana nuna awa nawa mai shi ya buga. Tun 2016 Valve, kamfanin da ke da Steam, ya daina ƙirga sharhin waɗanda aka raba wa mabuɗin wasa a cikin makin da ake nunawa, dole sai wanda ya saya a can. A 2018 kuma sun kori wani kamfani na ƙasar Malta, Insel Games, da duk wasanninsa, bayan ta bayyana shugabansa ya matsa wa ma'aikata su sayi wasan su rubuta yabo. Da ya lissafa dala a sama da naira 1,500 sai ya bar maganar. Labarin korar bai dame shi ba ko kaɗan. Tsadar ce ta hana shi.

Saƙon rufe asusunmu na Play Store ya shigo da dare. Duk wasannin suka ɓace daga Play Store, kuɗin tallan da aka tara aka riƙe. Ba abin mamaki ba ne: tun Disamban 2018 Google ya faɗa cewa a mako guda yana goge miliyoyin sharhi da taurarin bogi, kuma wayoyi ashirin da ke kwana a kan waya-fai ɗaya ba sa ɓuya. Ban ga laifinsu ba. Dokarsu a rubuce take, mun karanta ta, mun taka ta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sunan da ke kan asusun nawa ne. Lokacin buɗewa Oga ya ce asusun kamfani na buƙatar lambar D-U-N-S, wato lambar shaidar kamfani, da takardun rajista, shi kuma na CAC ɗinsa ba su fito ba, "ƙanena, kai ne ka iya abin nan, sa naka kafin a gyara." Katin shaidata, lambar wayata, adireshin gidanmu. Dala 25 ta rajista shi ya biya, kuma ya riƙa tuna mini da ita kamar ya saya mini fili. Dokar Play Store kuwa, idan aka rufe maka asusu saboda irin wannan laifi, an rufe ka ke nan, duk wani sabo da aka gano yana da alaƙa da kai shi ma a rufe. Bayan abin ya faru wani tsohon ma'aikacinsa ya tare ni a Muda Lawal ya faɗa mini cewa Oga ya taɓa samun asusu da sunansa, an rufe shi kan wannan laifin dai kafin in zo. Wato ranar da yake kira na ƙanensa ya san ainihin abin da yake karɓa daga hannuna.

An kira zama a gidan Alhaji. Oga ya zo da babbar riga, ya zauna a ƙasa, ya yi magana a hankali kamar mai ta'aziyya. Ya ce yaron da ya amince wa ne ya yi ganganci, ya shigo da wasu abubuwa ba da saninsa ba, ga shi ma asusun da sunansa yake, Alhaji na iya dubawa. Ina da saƙonninsa a waya, har da na murya inda yake cewa a ƙara hamsin kafin Juma'a. Na ce, "Ranka ya daɗe, in ka ba ni dama in kunna maka wani abu." Alhaji ya ɗaga hannu ya ce, "Yaro, bari. Dukiya tawa ce, na bar wa Allah." Ina jin ya gane. Mutumin da ya shekara talatin yana sayen buhu a kasuwa ba a koya masa gane algus. Amma Oga surukin amininsa ne, ni kuma ɗan wani ne da bai sani ba. Aka shafa fatiha aka tashi. Albashin da nake bi Oga ya ce an cire a cikin asarar da na jawo.

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. Kada ka ba kowa katin shaidarka ya buɗe harkar da kai ba ka da ta cewa a cikinta, ko da ya kira ka ƙane. Umarnin da aka ba ka da baki, ka sake tambaya a rubuce. In za ka sauke wasa, wuce masu tauraro biyar, karanta masu biyu da uku, kuma ka duba ko yabon duk a mako ɗaya ya sauka. Wasan da ya ce zai biya ka don ka kalli talla, ka tambayi kanka nawa tallar ke biyan mai wasan.

A waje abin ya fara zama na kotu. Hukumar FTC ta Amurka ta kafa dokar hana saye da sayar da sharhin bogi a 2024, da tarar da ta haura dala 50,000 kan kowane laifi, Birtaniya ma ta haramta shi daga Afrilun 2025. Mu nan muna da hukumar FCCPC da dokar kare masu saye, amma ɗalibin Gwallameji da ya ƙona data yana jiran ya cika dubu goma ba zai je Abuja kai ƙara ba, kuma Oga ya san haka sarai.

Yanzu ina yi wa masu shaguna 'yar manhajar lissafin kaya da bashi, ina sa musu a waya kai tsaye tunda ƙofar Play Store a rufe take gare ni. Masu amfani da ita ba su da yawa, amma in ta ba da matsala mai kanti zai kira ni da sassafe ya wanke ni tas, in je in gyara. Da dare ina taɓa wasan dara da na daɗe ina son yi, ban san ta inda zan fitar da shi ba tukuna.

Benen yana nan, an sauya allon suna. Na ji an ɗauki wani ɗan bautar ƙasa mai ƙwaƙwalwa, an kuma ce masa takardun CAC ba su fito ba. Na nemi lambarsa na kira shi, na ba shi labari tun daga farko, har na tura masa saƙon muryar. Ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, sannan ya ce, "Yaya, na ji, amma alawus ɗin nan ba ya kai ni ƙarshen wata." Ya riga ya ba da katinsa.