Littafin Oga, bugun 2016

Juma'ar nan zan miƙa katin shiga ofis, in bar aikin. A ƙasan durowar teburina akwai wani ƙaton littafin share fagen Series 7, jarrabawar samun lasisin dillancin hannun jari a Amurka, bugun 2016, bangonsa ya sha kofi, gefen shafukansa duk rubutun wani.

Oganmu ne ya ba ni shi makon da na kama aiki, farkon 2024. Lokacin na riga na ci SIE, jarrabawar matakin farko, da kuɗina, tunda ita ba ta buƙatar kamfani ya tsaya maka, sai nake ganin na gama da wuya. Da na tambaye shi ko za a saya mini sabon kundi, sai ya dire wannan a gabana, ya ce da shi ya ci tasa, kasuwa kuma tana nan yadda take. Ni ɗan Zango, an tashe ni a kan ba a musu da babba, na karɓa hannu biyu har da godiya. Araha ma ba ta ado, balle kyauta.

Wata huɗu ina haddarsa, bayan sallar asuba da cikin jirgin ƙasa daga Bronx zuwa Manhattan a birnin New York. Ashe jarrabawar da aka rubuta shi dominta an binne ta tun Oktoban 2018. Waccan tambaya 250 ce cikin awa shida. Ta yanzu 125 ce cikin awa uku da minti 45, kuma 91 daga ciki duk a sashe ɗaya suke, na sanin kayan jari da wanda kowanne ya dace da shi. Littafina ya ce kwana uku bayan ƙulla ciniki ake kammala shi. An mai da shi biyu a 2017, sannan ɗaya daga 28 ga Mayun 2024, makonni kaɗan kafin in zauna. Ya ce a shekara 70 da rabi ake tilasta wa mutum fara cirar kuɗin ritayarsa, alhali an kai 73. Dokar Reg BI ta 2020 kuwa, wadda ta hana dillali fifita aljihunsa a kan amfanin mai jari, ko sunanta babu.

Sai a cibiyar Prometric, inda ake zana jarrabawar, idona ya buɗe. Na duba zaɓi huɗu ina neman amsar da na haddace, babu ita. Na sake karantawa, babu. Tafin hannuna ya jiƙe a kan linzamin kwamfuta. Maki 68 na samu, 72 ake nema.

Faɗuwar ba ta ƙona mini rai kamar taron Litinin ba, inda Oga ya ce a gaban kowa wai wasu ba su ɗauki aikin nan da muhimmanci ba. Bai dube ni ba, bai kuma ambaci littafin ba. Har yau bai ambata ba.

Ni ma da nawa laifin. Jadawalin abin da za a tambaya yana shafin FINRA, hukumar da ke shirya jarrabawar, kyauta, da na ɗora shi gefen littafin minti goma, da asiri ya tonu. Cikin kwana 30 da doka ta ce in jira, na cire daga kuɗin hayata na sayi rumbun tambayoyin gwaji na shekarar, guda ɗaya, ban tara uku ba. Na bar karatun zube, na koma amsa tambaya da agogo a gabana, duk wadda na faɗi in rubuta dalili. Bidiyon YouTube na da amfani, in ka fara duba ranar da aka ɗora shi.

Karo na biyu allon ya nuna na ci, ba maki, don wanda ya ci ba a gaya masa nawa ya samu. Oga ya ce ai ya san littafinsa ba ya ƙarya. Na yi murmushi na koma kujerata.

Jiya ya leƙo yana nemansa, an ɗauki wata sabuwar yarinya. Na ce zan duba. Da ya fita na tura mata adireshin jadawalin FINRA, na murɗa makullin durowar.