Ƙafar hawa daban, ƙafar gangara daban

'Yan uwa masu koyon gudun tsauni, sannunmu da ƙoƙari. Ga inda na kwana a shirin da nake yi na bin ayarin masu gudu zuwa tsaunukan Atlas na ƙasar Maroko. Irin tafiyar nan ce da ake yi da jagora: yau a kwana a wannan ƙauye, gobe a tsallaka wani kwari a kwana a gaba, alfadarai na ɗauke da manyan kaya, kai kuma daga kai sai 'yar jakar goyonka. Tun da na sa wannan tafiya a gaba tsarin atisayena ya juye, kuma abin da ya fara canzawa shi ne yadda nake ƙirga aiki.

A kan kwalta, kilomita ce ke magana. A tsauni kuwa, in aka faɗa maka kilomita ba a faɗi hawa ba, rabin labari aka ba ka. Tun a 1892 wani mahayin dutse ɗan ƙasar Sikotilan, William Naismith, ya fitar da lissafin da har yau ake aiki da shi: a ware awa ɗaya ga kowace kilomita 5, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Don masu tafiya ya yi shi, amma ya buɗe mini ido. Ranar da aka rubuta mata kilomita 20 da hawan mita 1,500, a wannan lissafi awa shida da rabi ce cur. Mai gudu zai rage wani abu a fili da kuma gangara, amma a hawa mai tsauri kusan tafiyarsa ɗaya da mai tafiya. Shi ya sa yanzu in na buɗe jadawalin kowace tafiya, lambar hawa nake fara nema. Ku dubi tseren UTMB da ake yi tun 2003, wanda ke zagaye dutsen Mont Blanc ta Faransa da Italiya da Suwizalan: kimanin kilomita 171 ne, amma hawan da ke cikinsa ya kai mita 10,000, kuma wannan lamba ta biyu ita ke karya mutane. A littafin atisayena, awoyin da na yi a kan ƙafa da mitocin da na hau su nake rubutawa yanzu, kilomita tana zuwa daga baya.

Hawa bai ba ni wahalar da na zata ba. Da zarar mutum ya yarda cewa tafiya da ƙafa tana cikin wannan wasa, an ci rabin aikin. Ko zakarun duniya, in tudu ya miƙe, sukan dafa cinyoyi da hannu su riƙa takawa da ƙarfi. Ma'aunina mai sauƙi ne: in ba zan iya faɗin magana guda har ƙarshenta ba tare da haki ya yanke ni ba, sai in bar gudu in koma taku. Wanda ba shi da tsauni a kusa, matattakalar dogon bene da kowane ɗan tudu da ya samu sun ishe shi, a hau a sauko, a sake hawa. Sandunan dogarawa biyu ma na fara sabawa da su, suna ɗebe wa ƙafa wani nauyi su ɗora wa hannu da kafaɗa.

Gangara ita ce maganar da nake so mu tsaya a kanta, domin ita ce ba a ba ta haƙƙinta. Kowa na tsoron hawa saboda shi ke sa haki. Gangara kuwa ba ta taɓa numfashi, zuciya kwance, mutum yana jin kamar hutawa yake, alhali a lokacin ne ake yi wa tsokar cinya ɓarna mafi yawa. A kowane taku na gangara tsokar gaban cinya tana aikin birki: tana riƙe nauyin jiki a daidai lokacin da take miƙewa. Irin wannan aiki yana yayyaga ƙananan zaruruwan tsoka, kuma ciwon ba ya bayyana nan take. Sai washegari yake fara magana, ya kai ƙarshen tsananinsa tsakanin awa 24 zuwa 72. A tseren yini ɗaya wannan ba komai ba ne, ka koma gida ka yi jinya. A tafiyar kwanaki kuwa, ciwon gangarar ranar farko zai same ka a tsakiyar hawan rana ta uku, ga ayari na jiranka.

Ku lissafa da ni. Ƙololuwar Toubkal da ke cikin tsaunukan na Atlas, dutse mafi tsayi a Arewacin Afirka, mita 4,167 ce. Ƙauyen Imlil da ake tasowa daga cikinsa yana kimanin mita 1,800. Mutane da yawa a yini guda suke saukowa daga ƙololuwa har ƙauyen, wato gangarar sama da mita 2,300 ke nan, wani sashenta a kan tsakuwa mai zamewa. Ƙafar da ba ta taɓa ganin rabin wannan ba, ina za ta kai?

Abin farin ciki, tsoka tana da saurin ɗaukar darasi a nan. In ta sha gangara mai nauyi sau ɗaya ta warke, karo na gaba ɓarnar ba ta kai ta farko, kuma wannan kariya tana ɗaukar makonni. Don haka na ware wa gangara ranarta ita kaɗai: in hau a hankali ba tare da na gajiyar da kaina ba, in sauko da niyya, sannan in ba jiki kwanakin hutu kafin in sake. A gida kuma ina tsayawa a kan matakala da ƙafa ɗaya, in sauke ɗayar a hankali har diddige ya taɓa ƙasa, ina ƙirga uku kafin ya isa. Yana da sauƙin gani, amma ku gwada, za ku ji gwiwa na rawa tana neman karkacewa ciki. Wannan rawar ita ake son kashewa.

Sai salon saukowar kansa, wanda har yanzu ina cikin koyonsa. Jiki in ya ga gangara yakan ja baya, ya miƙa ƙafa gaba ya dira da diddige. Wannan shi ne ya fi kowanne saurin kayar da mutum, domin diddigen da ya dira nesa da jiki a kan tsakuwa tafiya yake yi. Abin da ke aiki shi ne gajeren taku mai sauri, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ƙirji a saman ƙafa, hannuwa a buɗe don daidaita jiki. Ido kuma ya bar kallon yatsu, ya wuce gaba kamar taku uku ko huɗu, yana zaɓo wa ƙafa wurin dira tun kafin ta iso. Kwanan nan na fara jin abin yana shiga jikina. A wata gangara mai duwatsu na ga wani faffaɗan dutse a gaba, ban tsaya shawara ba ƙafar dama ta dira a kansa, ta hagu ta riga ta sami gurbi tsakanin wasu biyu, ƙananan tsakuwoyi na gangarawa a gefena, ni kuma ban ja birki ba har ƙasa. Daɗin da na ji a wannan ɗan lokaci ya biya ni duk ciwon cinyar da na sha.

Wata 'yar magana a kan takalmi, tunda gangara ce ke tona masa asiri. In ƙafa tana zamewa gaba a ciki, babban yatsa zai yi ta dukan hancin takalmin har farce ya yi baƙi. A bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaba, a yanke farce, a yi amfani da ramin igiya na can sama wanda yawancinmu ke bari haka nan, shi ke kulle diddige. Kafin doguwar gangara nakan tsaya in sake ɗaure igiya. Kuma da zarar na ji wani wuri a ƙafa ya fara zafi, nan take nake manna masa filasta tun bai zama bororo ba.

Abu na gaba da na shigar a tsarin shi ne fita biyu a jere: doguwa yau, gobe da safe wata a kan ƙafar da ba ta huce ba. Fitar ta biyu ce ta fi kama da abin da za a tarar a can. A nan na fahimci cewa cin abinci a cikin tafiya da kuma bayanta yana cikin atisaye. Ana ba da shawarar giram 30 zuwa 60 na sitaci ko sukarin da ke cikin abinci a kowace awa in tafiya ta yi tsawo, kuma ciki ma sai an saba masa da karɓar abinci ana cikin girgiza.

Akwai abin da atisayen gida ba ya sayen sa, wato tsayin wuri. A mita 3,000 nauyin iska kusan kashi 70 ne cikin 100 na abin da ke bakin teku, don haka kowane numfashi yana shigo da iskar oksijin kaɗan. Ciwon tsauni kan fara ne daga wajen mita 2,500, da ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci da ƙin abinci, kuma bai san mai ƙarfi ba. Likitocin wannan fanni suna cewa in an wuce mita 3,000 kada a ɗaga wurin kwana fiye da mita 500 a dare guda. To, masaukin da ake kwana kafin hawan Toubkal yana kimanin mita 3,200. Wanda ya kwana a Imlil jiya, yau ya kwana a can, ya ɗaga makwancinsa da mita 1,400 ke nan. A ganina jadawalin da ya ajiye Toubkal a ƙarshen mako, bayan an yi kwanaki ana hawa ana sauka a kwaruruwan da ke kewaye, shi ne na masu hankali, kuma irinsa nake nema. In kai ya fara sarawa a can sama, a gaya wa jagora tun da wuri. Kunya ba ta da wuri a nan, domin in ciwon ya tsananta maganinsa sauka.

Sanyi ma haka. Zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000 ta hawa, ga iska, ga jiki jiƙe da gumi. A ranar 22 ga Mayu 2021, masu gudu 21 suka rasu a wani tseren kilomita 100 a lardin Gansu na ƙasar Sin, bayan iska da ruwa da ƙanƙara sun rutsa da su a kan tudu da kaya marasa kauri, kuma cikinsu har da gogaggun zakaru. Ban taɓa tuna wannan ba tare da jikina ya yi sanyi ba. Saboda haka rigar ruwa, riga mai ɗumi, safar hannu, tocilar goshi, usur da bargon gaggawa suna cikin jakata a kowace doguwar fita, ko da gari garau ne, don kafaɗa ta saba da nauyinsu.

Game da zaɓen masu shirya tafiya, tambayoyina sun ƙaru. Ina tambayar takardar shaidar jagoran. Akwai ƙungiyoyin duniya biyu da aka sani, UIMLA ta masu jagora a hanyoyin tsauni, da IFMGA ta masu hawan ƙanƙara da igiya, ga kuma lasisin da ƙasashe ke ba 'ya'yansu. Ina tambayar mutum nawa jagora ɗaya ke riƙewa, ko akwai mai tafiya a bayan ayari, da abin da za su kira taimako da shi a inda waya ba ta da sabis. Inshora kuma a karanta ta da kyau, wasu suna da iyakar tsayin da suke rufewa, wasu babu ɗauka da jirgi mai saukar ungulu a cikinsu.

Su ma suna da tambayar da za su yi mana, kuma a nan nake roƙonku. In aka miƙo takardar da ake rubuta matakin da mutum ya kai, a rubuta gaskiya. Da ita jagora ke raba ayari, da ita yake yanke lokacin tashi da lokacin juyawa. Wanda ya ƙara wa kansa mataki, mutum takwas ko goma ne za su tsaya jiransa a kan tudu iska na kaɗa su. Haka nan in jagora ya dubi hadari ya ce a juya, ko da ƙololuwa na gabanmu muna kallonta, a juya. Ya san dutsen, mu baƙi ne.

Abin da ya rage mini yanzu shi ne gangara da sanduna. A hawa mun saba da juna, amma a saukowa har yanzu sukan shiga tsakanin duwatsu su riƙe ni, kuma ina cire hannu daga madaurinsu don kada in faɗi su murɗe mini wuyan hannu. Mako mai zuwa zan gwada naɗe su in soke a jaka ba tare da na tsaya ba, in ga ko saukowa hannu sake ya fi mini. Wanda ya riga ni warware wannan a cikinku, don Allah ya gaya mini a wane irin gangare yake buɗe su, a wane kuma yake naɗewa.