Matakala Goma Sha Ɗaya

Talata, bayan sallar isha'i.

Sai yanzu na samu zama. Gwiwoyina ciwo suke, alhali ba ni na yi rarrafen ba.

Da hantsi na raka Yaya wani ofishin gwamnati, zai kai takardun neman aiki. Daga Mabera muka taso, shi a kan kekensa mai ƙafa uku yana murzawa da hannu, ni ina biye da fayil. Tun yana ɗan shekara huɗu shan-inna ya shanye masa ƙafafu, amma duk gidanmu shi kaɗai ya gama jami'a.

A bakin ƙofa mai gadi ko sallama bai amsa ba. "Allah ya ba da haƙuri, ba a bara nan," in ji shi. Yaya ya nuna masa fayil ya ce, "Baba, aiki ni ka biɗa." Kunya ta kama tsoho, ya yi ta cewa yi haƙuri ɗana. Shi kam ban riƙe shi a rai ba.

Ofishin a bene yake. Matakala goma sha ɗaya, na ƙirga, kuma babu gangaren da keke zai bi. Na ce, "Yaya, bari in goya ka." Harara ɗaya ya yi mini na yi shiru. Ya sauko daga keke, ya zura silifas a hannuwansa, ya fara ja. Farar shaddar da Inna ta kwana tana gogewa, ga simintin ya ɗau zafin rana, ga mutane na ratsa shi. A matakala ta shida wani mai babbar riga ya sunkuya ya ajiye masa naira ɗari, ya wuce yana waya. Wallahi da ashar ya yi masa da ya fi mini sauƙi.

Abin haushin, akwai doka. A watan Janairun 2019 Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya. Ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, ta kuma ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Wa'adin ya cika tun farkon 2024. Lokacin kamfe dai ana raba kekunan guragu a ɗauki hoto, wannan ba a taɓa fashi ba.

Da muka fito mun zauna gindin dogon yaro muna shan ruwan leda, Yaya yake ba ni labarin Amurka. A watan Maris na 1990 masu naƙasa suka ajiye kekunansu, suka hau matakalar majalisar dokoki a Washington da rarrafe, duniya na kallo. A watan Yuli shugaba Bush ya sa hannu a dokarsu. Ya yi dariya ya ce, "Su sun yi rarrafe don a yi doka, mu ga doka ga rarrafe." Ni ban iya dariyar ba.

Naira ɗarin nan ya ɗauka, da za mu fita ya miƙa wa mai gadi ya ce ya sayi goro.

Takardun ma ba a karɓa ba, wai mai sa hannu ya tafi taro. Sai Alhamis. Yanzu haka Inna na shafa masa man kaɗe a tafin hannu, ta ce in jiƙa shaddar tun da dare.