Inda muka kai: makulli da ƙidayar riƙo a soket ɗin Linux

'Yan uwa masu koyo, wannan karon mun tsaya kan struct sock, tsarin bayanan da kernel (zuciyar Linux) ke wakiltar soket da shi, wato bakin haɗin sadarwa. Makulli yana hana hannu biyu taɓa bayanan soket a lokaci guda. Ƙidayar riƙo kuwa, wato sk_refcnt, ita ke hana a saki memorinsa alhali wani na aiki da shi. Ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Makullin hawa biyu ne. lock_sock() na iya yin barci, don haka ba a kiransa daga softirq, wato yanayin da kernel ke sarrafa fakitin da suka iso, inda ba a yarda a yi barci ba. A can bh_lock_sock() ake ɗauka, sannan a duba sock_owned_by_user(). In wanda ya kira lock_sock() na riƙe da soket, fakitin da ya iso sai ya shiga layin sk_backlog, release_sock() ce za ta sarrafa shi daga baya. Wanda ya tsallake wannan dubawa zai canja halin TCP a tsakiyar aikin wani.

Ku karanta tcp_write_timer() a tsanake, ya isa misali. sk_reset_timer() na ƙara riƙo ɗaya in taimar ba ta riga ta hau ba, mai amsa taimar kuma ya sauke shi da sock_put() bayan ya saki makulli. Jerin na da muhimmanci: in sock_put() ta riga bh_unlock_sock(), kuma riƙon nan shi ne na ƙarshe, to an buɗe makullin da ke cikin memorin da aka riga aka saki.

Wurin da ya fi wuya shi ne neman soket a tebur ƙarƙashin rcu_read_lock(), wato karatu ba tare da ɗaukar makullin teburin ba. Ƙidayar na iya kaiwa sifili kafin ku kama shi, shi ya sa ake amfani da refcount_inc_not_zero(). Ko ta yi nasara, ba a gama ba. Soket ɗin TCP na fitowa daga rumbun memori mai alamar SLAB_TYPESAFE_BY_RCU, ana iya ba wani sabon soket memorin nan take. Dole a sake gwada adireshi da lambar tasha. In ba su dace ba, a sauke riƙon a sake nema.

Kafin kowane gwaji ku kunna CONFIG_PROVE_LOCKING (mai gano kuskuren makulli) da KASAN (mai gano taɓa memorin da aka saki), a cikin QEMU, manhajar kwaikwayon kwamfuta. Na'urar sadarwa ma tana da nata riƙon: in dev_hold() ta rasa dev_put(), cire na'urar zai maƙale, unregister_netdevice na ta maimaita saƙon jira. CONFIG_NET_DEV_REFCNT_TRACKER, da ya shigo a 5.17, na nuna inda aka ɗauki riƙon da aka bi sawunsa.

Na gaba: bambancin skb->users da dataref, ƙidayoyin riƙo na fakiti, bayan skb_clone().